Ginin Baffa a Layi na Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, yayan mahaifina, magini, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Wudil, ana saura 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka. Aka yi masa sutura, muka kai shi bayan azahar. Yau kwana tara ke nan. An naɗe tabarmin makoki, baƙin nesa sun koma gida, shi ya sa na sami zama in rubuta abin da na sani game da shi, tun kafin mutane su gyara labarinsa ya koma na wani mutum dabam.

Jama'a sun zo da yawa, don da wuya ka sami unguwa a garin nan, ko ƙauye daga nan har Achika, da babu soro ko zauren da ya fito daga hannunsa. Amma kwana bakwai ina zaune a zaure ina sauraro, na lura da abu guda. Mutum zai shigo ya durƙusa, a yi fatiha, ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Daga nan sai ya rasa abin faɗa. Sai ya ɗaga kai ya dubi rufin zauren, ya yaba aikin. Ban ji wanda ya ce mai haƙuri ne ba. Ban ji wanda ya ce mai son mutane ne ba. Liman, da yake ba ya so a tashi ba a faɗi alherin mamaci ba, sai ya kama magana ɗaya yana maimaita wa duk wanda ya zo, cewa marigayi ba ya ha'inci a aiki.

Wani tsohon dillalin shanu ya zo daga Achika a kan jaki. Ya ce Baffa ya gina masa ɗaki tun yana saurayi, har yau ruwa bai taɓa ɗiga a ciki ba, kuma har yau bai manta zagin da ya sha a wajen ginin ba. Ya ce duk biyun suna nan daram. Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake.

A cikin gida kuwa, da mata suka fara koke-koke, Gwaggo ce ta tsawatar. Ita ce yayarsa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ce su rufe mata baki, mai gidan bai so hayaniya ba yana raye. Wata maƙwabciya ta ce ai an yi rashin mutumin kirki. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ba zan yi ƙarya a kan gawa ba. Ƙanena da ƙasa ya iya zama. Da mutane bai iya ba."

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ke karɓar gaisuwa a bakin zaure, idonsa a bushe. Ni ina gefensa. Waɗanda suka je maƙabarta suka ga abin da ya faru a can, idan sun zo kaina sai su riƙe hannuna ya ɗan daɗe, su ce sai haƙuri, da wata murya dabam da wadda suka yi wa Yaya. Zan faɗi dalili, amma sai na fara faɗin ko wane ne shi.

Mahaifina ya rasu ban kai shekara huɗu ba. Baffa ya ɗauko mu ni da mahaifiyata ya kawo gidansa, ya ba ta ɗaki. Da aka aiko kowane mai unguwa ya ba da yara a kai makarantar boko, aka zo gidanmu, ni ya tura. Ya faɗa a gaban mai unguwa, ina tsaye ina ji, cewa 'ya'yansa hannunsu na da abin yi, ga maraya nan a ɗauka. A lokacin ba gata ba ne a kai yaro boko. Ajin da aka kai ni kuwa shi ya gina shi, ɗaki biyu na ƙasa a gefen gari, bango mai kauri, rufin azara. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A ƙarƙashin wannan rufin na koyi riƙe alƙalami.

Ba ya fara gini sai ya ɗanɗani ƙasar. Zai ɗebo ya murza, ya sa a harshe, ya tofar. In bai yarda da ita ba, ko ramin na bakin ƙofar mai gida ne, sai an tafi da jakuna inda ya ce. In an kwaɓa ƙasa da ciyawa, sai ta yi kwanakin da ya yanka mata ana tattakawa ana bari, ko da mai gida na kuka da cewa damina ta matso. Kuma yana da tambaya guda da yake yi wa duk wanda ya zo neman gini: wa zai taɓa shi baɗi? Nufinsa, wa zai yi masa yaɓe kafin ruwa, ya share indararo, ya cire ciyawar da ta tsiro a kan soro. In amsar ba ta gamsar da shi ba, ba ya karɓar aikin. Wani attajirin gyaɗa ya taɓa aiko masa a kan yana son bene. Baffa ya je, ya zaga tsohon gidan mutumin, ya ga indararo a toshe har tsiro ya fito a ciki. Ya ce wa ɗan aiken ya gaya wa maigidansa ba ya haifar wa mutum ɗa alhali ya ga yadda ya bar na farin da ƙwarkwata. Ɗan aiken ya rage maganar kafin ya isar, amma Baffa ya maimaita ta a kasuwa ranar Juma'a don kada ta ɓace.

A wurinsa abu mai ƙarko shi ne wanda aka yi da kyau, kuma ake komawa kansa. Duk bazara yakan bi gine-ginensa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kira shi, ya dafa bango, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Wanda ya tarar an kula da shi ba ya cewa komai. Wanda ya tarar an yi sakaci, ranar mai gidan ya shiga uku.

Alherinsa guda da na gani da idona, ba na so a manta da shi. Kowace shekara, kafin ya taɓa ɗakinsa ko na iyalinsa, ɗakin mahaifiyata yake fara yi wa yaɓe. Da hannunsa yake yi, ba ya sa kowa. Ya shafe shi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi ja yana sheƙi. Ba ya gaishe ta in ya zo, ba ya amsa godiyarta in ya gama. In ta kawo masa fura sai ya ce ta ajiye, sai ta dawo ta tarar da ƙwaryar yadda ta bar ta. Shekara ashirin da wani abu bai tsallake ko ɗaya ba. Ta taɓa gaya mini cewa ɗan'uwansa yake yi wa, ba ita ba, kuma ita hakan ya ishe ta.

Yaya shi ne ya gaji hannunsa. Kowa ya san haka, har da Baffa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Yana da 'ya'ya biyu lokacin da aka ba shi aikinsa na farko shi kaɗai, wani zaure a Ɗankaza. Mai aikin yana gaggawa saboda biki, Yaya ya rage wa ƙasar kwana biyu. Bango ya kai kafaɗa sai ga Baffa. Ya zaga, ya karya gefen tubali ɗaya ya shinshina. Bai tambayi kowa komai ba. Ya sa kafaɗa ya tura, bangon bai motsa ba, don a gaskiya ba wani mugun aiki ba ne. Sai ya karɓi diga daga hannun lebura ya miƙa wa Yaya, ya ce ya rushe. A gaban mai aikin, da leburori, da matan da suka zo ɗaukar ruwa. Yaya ya roƙe shi a bari sai mutane sun watse. Baffa ya ce a gaban mutane ya yi ha'incin. Yaya ya rushe har ƙasa, ya ajiye digar, ya kama hanya. Bai kwana a gida ba. Bayan wata biyu muka ji yana Kano yana koyon aikin birkila, ginin bulo da siminti. Shekara takwas ba a ambaci sunansa a gaban Baffa ba.

Ni kuwa na gama makaranta aka ɗauke ni ƙaramin akawu a wani ofis a nan garin. Shekarun nan ne da aka fara maganar mulkin kai, takardu suna ta zuwa daga Kano, kowa na so a ga ƙasarsa ta ci gaba. Wata rana aka kawo takarda mai layi biyu, aka ce a rubuta duk gine-ginen hukuma da ke ƙasar, kowanne a layinsa. Kalmar Turancin da ke saman layin farko ita ce wadda muke faɗa famanan.

Na san kalmar tun ina makaranta. Malaminmu da haƙori ya koya mana ita. Ya ce haƙoran da yaro ke famfara ba su ba ne, waɗanda suka fito daga baya, da mutum zai tsufa da su, su ne famanan. Ana faɗinta ga tawadar da ba ta wankuwa, da mazaunin mutum wanda ba na ci-rani ba, da aikin hukuma wanda ba na yini-yini ba. Ba ta kai dawwama ba, don dawwama ta Allah ce shi kaɗai. Ta kuma wuce ƙarko, don ƙarko har riga da takalmi ana faɗa musu, ana kuwa jiran ranar ƙarewarsu. Ina son kalmar a lokacin. Ina jin kamar na riƙe wani abu da mutanen gidanmu ba su da shi. Kuma a daidai wannan shekarar nake jiran a mai da aikina ya zama haka, mai fansho, wanda ba a sallamar mutum da baki.

A ƙasan takardar an yi bayani da ƙananan baƙaƙe. Ginin da zai shiga layin farko sai na dutse ko na siminti, mai rufin kwano. Duk sauran a sa su a layi na biyu, na wucin gadi. Ba a tambayi shekarun gini ba, ba a tambayi ko yana yoyo ba.

Babban akawunmu dattijo ne, ya daɗe yana ganin takardu. Da ya ga na zo kan ajin Baffa na tsaya, sai ya matso ya ce in tsallake shi, kada in sa shi a kowane layi. Ya ce in an tambaya a ce mantuwa ce, kafin a gano shekaru sun shuɗe, wanda ya aiko da takardar ma an canza masa wurin aiki. Na ce ba haka aka koya mana ba. Wannan ita ce amsar da na ba shi. Abin da ban gaya masa ba, Baturen da ke zuwa rangadi zai duba takardar, kuma ina so ya ga tawa ba gibi, ba gogewa. Na kuma gaya wa raina cewa layi ne kawai, ba wanda zai karanta. Na tsoma alƙalami na rubuta ajin a layi na biyu, da rubutu mai kyau.

Kafin shekara ta zagayo amsa biyu suka zo. Ta farko, an tabbatar da ni a aiki. Ta biyu, duk ginin da ke layi na biyu za a sake shi da sabo in lokacinsa ya zo, kuma kafin nan kada a ƙara yi masa gyara kowane iri.

Baffa bai san da wannan ba. Da bazara ta yi, ya kora jakunansa da ƙasa da makuba zuwa ajin kamar yadda ya saba. Ɗan doka ya tare shi a bakin fili ya ce an hana. Baffa ya ce ba lada ya zo nema ba, bangonsa ya zo shafawa. Ɗan dokan ya ce shi dai takarda aka nuna masa, in yana da magana ya je ofis.

Bai taɓa taka ofishinmu ba sai ranar. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk laka. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba.

"Malam akawu," in ji shi. Bai taɓa kirana haka ba. "An ce akwai takarda. Karanta mini."

Na ɗauko na karanta, ina mayarwa da Hausa. Da na zo kan kalmar sai na faɗe ta yadda take. Ya ce in faɗa da Hausa. Na ce abu mai ƙarko.

"Tun kana yawo ba wando na ɗora azarar ajin nan. Ka taɓa jiƙewa a ciki?"

Na ce a'a. Na ce ƙarko bai kama ma'anar sosai ba, abin da suke nufi shi ne ginin da zai zauna ba sai ana komawa kansa kowace shekara ba.

Ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce, "Wanda ba ya bukatar kowa."

"Kusan haka ne, Baffa."

Ya tambaye ni ko na taɓa ganin irinsa. Na ce siminti da kwano. Ya ce ya ga kwano ya yi tsatsa a tashar mota, ya ga siminti ya tsage, kuma ranar da ya tsage mai gidan sai dai ya tsaya yana kallo, don ba ya da abin liƙewa a bayan gidansa. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da na fi samun sauƙi. Sai ya tambaya wa ya rubuta ajin a wannan layin. Babban akawu ya yi sauri ya ce ai daga Kano abin ya fito, mu nan umarni muke bi. Baffa ya ce hannu ya tambaya, ba gari ba.

Na ce ni ne.

"An tilasta ka?"

Dattijon nan yana ta yi mini alama da ido. Da na ce e, da ƙila maganar ta tsaya nan. Na ce a'a.

"Na ji an ce kai ma an ba ka wannan sunan a wajen aiki."

Na ce haka ne.

"To, madalla. Ba ka bukatar kowa ke nan."

Ya juya ya kora jakunansa gida. Ya sauke ƙasar a tsakar gida, da ita ya yi yaɓen gidanmu na wannan shekarar. A lokacin na yi aure, ɗakina yana tsakanin na mahaifiyata da rumbu, bango ɗaya ya haɗa su. Ya fara da nata kamar kullum. Da ya iso inda nawa ya fara, sai ya sa gefen hannu ya ja layi daga sama har ƙasa, ya tsallake, ya ci gaba daga rumbu. Da aka shafa makuba, bangon ya yi ja daga dama, ja daga hagu, nawa a tsakiya fari fat, duk wanda ya shigo gidan shi yake fara gani. Mahaifiyata ta yi masa magana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce ɗakin akawu ba ya bukatar hannu. Ya kuma gaya wa sauran maginan garin cewa duk wanda ya taɓa ɗakin, shi da shi ne. Ba wanda ya taɓa.

Ranar Lahadi na tuɓe riga na kwaɓa ƙasa na yi yaɓen da kaina. Yana zaune a inuwa yana kallo daga fari har ƙarshe. Ya ga ban jiƙa bangon ba kafin in shafa, bai gyara mini ba. Ruwan farko ya kwashe yaɓen gaba ɗaya ya zubar a bakin ƙofa, matata ta sa tsintsiya ta share. Daga wannan bazarar bai ƙara amsa gaisuwata ba. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi, shi kuma ya ci gaba da jan carbi. Shekara huɗu muna haka a gida ɗaya.

Ajin kuwa ya sha damina biyu ba yaɓe. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, in an ɗauke, sai Baffa ya ɗauki sanda ya tafi ya tsaya daga bakin fili, inda ɗan doka ya tare shi, bai taɓa wuce wurin ba. Yana kallo bangon ya fara zaizaya, tubali ya fito fili, ciyawa ta tsiro a kan rufi, indararo ɗaya ya karye ruwa ya riƙa bin bango. Malamin ajin ya gaya mini ya taɓa ganinsa ya miƙa hannu daga nesa kamar mai shafa wani abu, sannan ya mai da hannun cikin riga. Mutane suna cewa bana zai faɗi. Bai faɗi ba. Yara suna ciki suna karatu har ranar da aka kwashe bencina.

A rani na uku ɗan kwangila ya zo da mota cike da bulo. Babban birkilansa Yaya ne. Ban san ko shi ya nemi aikin ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Leburori suka yi kwanaki suna sara, bangon yana mai da diga baya. Da aka sauke azarar aka tarar ko gara ba ta taɓa ba, sai ɗan kwangila ya ce a ɗaure ta a yi abin hawa, a kanta birkiloli suka tsaya suka ɗora sabon gini.

Kowa ya zaci Baffa ba zai je ba. Ya je. Ya tsaya a wurinsa na kullum yana kallon ɗansa yana jera bulo. A rana ta uku ya ɗaga sanda ya nuna kusurwar gabas, ya ce ta karkace. Wannan ce maganar farko da ya yi wa Yaya cikin shekara takwas. Yaya ya sauko ya saki igiyar awo, ya ga ta karkace da kaurin yatsa. Bai yi musu ba, ya ɗaga sahu uku ya sake jerawa. Da yamma ya biyo mahaifinsa gida, aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya. Ina tsaye a ƙofar ɗakina ina ganinsu. Na yi murna, Allah ya sani. Na kuma ɗauka tawa yafiyar ta kusa.

Na aika Gwaggo ta roƙa mini, ya ce ta koma ɗakinta. Na aika liman, ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi ko an share indararon masallaci. Da aka haifa mini ɗa na sa masa sunan Baffa. Ya zo wajen suna, ya yi addu'a, ya shafa kan jaririn, ya wuce ta gabana kamar ginshiƙi ya wuce.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Ranar Talatar nan da safe liman ya zo, ya ga yadda jikin yake, ya ce a tara iyali a yafi juna. Aka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ya yafe wa iyalinsa. Ya yafe wa Gwaggo, ita ma ta ce ta yafe masa duk da bai nema ba. Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Mahaifiyata ta yi masa godiyar shekaru, ya ɗaga mata hannu.

Sai ni. Na matsa har gwiwata ta taɓa gadon.

"Baffa, ka yafe mini."

Idonsa na kan rufi. Na sake faɗa. Liman ya sunkuya ya ce masa, "Malam, ɗanka ne fa. Marayan da ka riƙa ne."

Ya juyo da kai a hankali, ba wajena ba, wajen liman. Ya nuna Yaya da haɓa. "Wancan ya rushe, ya gina. Na ga kantar aiki a hannunsa. Wannan kuwa ko rigarsa ba ta ɓaci ba."

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce masa ya ji tsoron Allah, yana bakin kabari.

"Don ina bakin kabari ne ba zan yi ƙarya ba."

Ya ce kowa ya fita ban da Yaya. Muka fita. Ba a jima ba muka ji salati.

Na ɗauki makara tare da masu ɗauka, ba wanda ya hana ni. A maƙabarta aka sa shi, aka jera itace, aka kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa don a liƙe. 'Ya'yansa suka durƙusa, maginan garin suka matso kowa na so hannunsa ya shiga. Ni ma na durƙusa na ɗebo cike da hannu. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Yaya ne. Bai dube ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin shiru ne, na kusa duk sun ji.

"Ya bar wasiyya. Ya ce ban da kai."

Liman ya ce wannan ba wasiyyar da ake bi ba ce, mamaci ba ya da ikon hana ɗan'uwansa lada, in sa hannuna. Yaya ya sake ni. Kowa ya tsaya yana jira. Na dubi ƙasar da ke hannuna, an kwaɓa ta da kyau, maginai ne suka kwaɓa. Sau ɗaya na yi abin da doka ta ba ni dama a kan aikinsa, na ga inda ya kai mu. Na ja da baya na zubar da ita a gefe, na tsaya a bayan sahu har aka gama.

Wannan shi ne baffana. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, bai taɓa bari ruwa ya taɓa mahaifiyata ba. Ya yi wa mutane gini na gaskiya, ya kuma ɓata wa da yawansu rai. Wanda ya karanta wannan, in yana kwana a ƙarƙashin rufin da ya ɗora, ya yi masa fatiha, in akwai zagi tsakaninsu ya bar shi.

Ya Allah, ka yalwata masa makwanci, ka yi masa hisabi mai sauƙi, ka yi masa rahamar da ta fi wadda ya iya yi. In an zo kan abin da ke tsakanina da shi, kada a tsare shi saboda ni, nawa na yafe. Nasa kuwa ya tafi da shi, kuma gobe da safe ba ƙofar da zan durƙusa.